Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Firistoci Da Katikis Na Kaduna: Ku Koya Mana Ruwa Mai Tsarki

Iyayenmu cikin Ubangiji, gaisuwa da ban girma. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ku da jama'ar da Allah ya danƙa a hannunku, daga Kawo har Gonin Gora, daga Kakuri har ƙauyukan Kajuru da Kachia, inda wasunku ke hawa babur tun asuba don su kai Mas wuri biyu ko uku a Lahadi guda. Allah ya ƙara muku ƙarfi, ya tsare mana ku a hanya.

Ni 'yarku ce, ko da yake da yawa cikinku a shekaru na haife ku. Na yi aikin jinya shekara 35 kafin in ajiye. Ina cikin Zumuntar Mata Katolika tun ina amarya, kuma ina cikin taron da ya sha rana a nan Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ranar da Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa sababbin firistoci a gaban idonmu. Na faɗi haka ne don ku san mai maganar 'yar gida ce, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ƙafar wata 'yar'uwata a Zumunta.

Ba zan faɗi sunanta ba. Mun yi shekara da shekaru muna zama a benci ɗaya, ita ce mai ɗaga waƙa idan muka fita da tulu da gora. Tana da ciwon suga, ni na fara raka ta asibiti, ni na koya wa 'yarta yadda ake gwada jini a gida. Bara da damina sai ta daina zuwa. Da na je duba ta a Sabon Tasha, tun daga bakin ƙofar ɗakin hancina ya gaya mini abin da zan tarar, don wanda ya yi aikin asibiti ba ya manta wannan warin. Ta naɗe ƙafarta ta dama da tsohon ɗankwalin Zumunta. Na kwance. Yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Na tambaye ta ina magungunanta, sai ta nuna mini ƙarƙashin gado. Na durƙusa na leƙa, ba magani ko ƙwaya ɗaya, sai gorunan roba guda shida a jere, kowanne an manna masa hoton Uwa Maryamu, wasu sun ƙare, wasu ruwan cikinsu ya fara kore. A wani gidan addu'a da ke bayan gari ta sayo su, naira dubu biyar kowanne. Mutumin ya ce mata wani babban Fada ne ya sa musu albarka, ta sha safe da yamma, ta wanke gyambon da shi, kuma kada ta haɗa da maganin asibiti, domin haɗawa alamar rashin bangaskiya ce.

Na ce, "Yaya, me ya kai ki?" Ta dube ni ta ce, "Ba a coci aka koya mana cewa ruwa mai tsarki yana korar mugunta ba?"

An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Tana raye, mun gode wa Allah. Amma tambayarta ta hana ni barci, domin ba ƙarya ta yi ba. An koya mana rabin magana, rabin da ya rage wani mai neman kuɗi ya cika mata shi yadda ya ga dama.

Kada ku ɗauka na zo ne in ce a rage ruwan nan ko a raina shi. Allah ya kiyaye. Na san akwai 'yan boko a cikinmu, har da 'ya'yan da muka haifa, masu kallon tsohuwa da gorarta a bayan Mas suna taɓe baki, wai ƙauyanci ne. Ba na tare da su. Na tashi a hannun uwa wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma tana da wata 'yar kwalba a bayan hoton Zuciyar Yesu, bakinta toshe da tsumma. Duk ranar da zan koma makarantar kwana, bayan ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli da gari, sai ta ɗauko kwalbar, ta jiƙa babban yatsanta, ta zana mini gicciye a goshi, ta ce, "Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki. Ki tuna ke ta wane ne." Ba ta taɓa ce mini ruwan zai ci mini jarrabawa ba. Ba ta taɓa ce mini zai hana ni zazzaɓi ba, kwinin ɗinta na nan a ƙulle a bakin zane. Abin da take cewa kawai, in tuna ni ta wane ne. Ranar da muka kai ta makwancinta, Fada ya yayyafa wa akwatinta wannan ruwa, ya ce ta mutu tare da Kristi cikin baftisma, za ta kuma tashi tare da shi. A ranar na gane cewa tsohuwar nan ta riga ni fahimtar abin da sai da na tsufa na karanta a littafi.

Gama abin da Katikizim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, ya faɗa ke nan. Daga sakin layi na 1667 zuwa na 1670 an bayyana cewa akwai alamu masu tsarki da Ikilisiya ta kafa, masu kama da Sakramenti, wato manyan ayyukan ibada da Kristi ya bar mana irin su baftisma, amma ba Sakramenti ba ne. Ba sa ba da alherin Ruhu Mai Tsarki yadda Sakramenti bakwai ke bayarwa. Aikinsu shi ne, ta wurin addu'ar Ikilisiya, su shirya zuciyar mutum ta karɓi alherin, ta kuma yi aiki da shi. A can ne aka ambaci yayyafa ruwa mai tsarki, aka ce yana tuna mana da baftisma. Wannan koyarwa ta taron Batikan na Biyu ce, wato babban taron bishop-bishop na Ikilisiya, tun 1963. Ku kun san wannan, kun haddace shi tun kuna makaranta. Amma ina roƙonku, wani Lahadi ku tsaya a bakin ƙofar coci, ku tambayi mutum goma masu tsoma yatsa a kwano me ya sa suke yi. Ni na gwada a tsakanin matan Zumunta. Wata ta ce don wanke zunubi, wata ta ce don aljanu, wata ta ce haka ta ga ana yi. Mutum ɗaya ce ta ambaci baftisma, ita ma matar Katikis ce.

Kuma ba laifinsu ba ne. Yawancinmu mun yi katikizim sau ɗaya a rayuwa, muna 'yan shekara goma ko sha biyu, muka haddace amsoshi don mu ci gwaji, shi ke nan. Tun daga lokacin, wa ya sake zaunar da mu? A cikin gari wa'azi ya fi yawa da Turanci, tsofaffi da waɗanda rikici ya koro daga ƙauye suna zaune suna gyaɗa kai, suna fita da abin da suka shigo da shi. Masu sayar da ruwa kuwa da Hausa suke magana, Hausa mai daɗi, a rediyo, a WhatsApp, a cikin motar haya daga Sabo zuwa kasuwa. Sun san ciwonmu da sunansa.

Dole kuma a faɗi abin da ya sa kasuwarsu ke ci. Mutanenmu suna cikin tsoro. Ba wanda ya manta watan Janairu na 2020, lokacin da aka shiga makarantar horar da firistoci ta Good Shepherd da dare aka kwashe ɗalibai huɗu, uku suka dawo, Michael Nnadi, yaro ɗan shekara 18, bai dawo da rai ba. Ku kanku kun binne 'yan'uwanku firistoci, wasunku sun kwana a daji. Uwar da ɗanta zai bi hanyar Kachia ko ta Birnin Gwari, me za ta ba shi? Ba ta da bindiga, ba ta da kuɗin fansa. Gorar ruwan nan ce a hannunta. Ni ma ina yayyafa shi a bakin ƙofata da dare, ba na jin kunyar faɗa. Haɗa da tsadar magani, wanda mai hawan jini ko ciwon suga zai saya kowane wata har iyakar ransa. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka idan za ku yi gyara, ku yi shi da tausayi, kada a tsaya a bagade a kunyata tsohuwa. Amma ku gaya mana bambancin da ke tsakanin mai yayyafa ruwa yana cewa "Ubangiji, gidan nan naka ne, ka tsare mu," da mai yayyafawa yana ganin ruwan da kansa ne ke tsaro, kamar layar da kakanninmu ke binnewa a bakin zaure. Daga waje hannunsu iri ɗaya yake motsi. Katikizim, a sakin layi na 2111, ya kira na biyun da sunansa: camfi. Ya ce duk wanda ya jingina ƙarfin addu'a ko na alama mai tsarki ga yinta kawai a zahiri, ba tare da halin zuciyar da take bukata ba, ya faɗa cikin camfi. Na sha jin ana cewa ruwan Fada wane ya fi na Fada wane ƙarfi. Na ga mai ɗaukar gora ɗaya zuwa wurin firistoci uku, wai don albarkar ta yi kauri. Na ga mai zuba shi a tuwon mijinta don ya daina neman mata, na ga ɗan kasuwa da bai taka coci ba tun bikin aurensa amma ba ya buɗe shago sai ya watsa. Ruwan yana nan, baftismar da ya kamata ya tuna musu an manta da ita.

Maganar sayarwa ita ta fi ƙona mini rai, a nan kuma ina so in daɗe kaɗan. Ku karanta mana 2 Sarakuna sura 5, ku karanta ta har ƙarshe, kada ku tsaya inda aka saba tsayawa. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, kuturu ne. Ya zo da azurfa da zinariya da riguna, yana zaton annabi zai fito ya yi wani abin mamaki. Elisha ko fitowa bai yi ba, ya aika masa cewa ya je ya yi wanka a Urdun sau bakwai. Na'aman ya husata, ya ce kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, ba su fi duk ruwan Isra'ila ba? Da gaskiyarsa, a ido sun fi. Ashe ba a ruwan abin yake ba. Da ya sauke girman kai ya yi biyayya, fatarsa ta koma kamar ta ƙaramin yaro. Ya dawo da kyauta niƙi-niƙi, Elisha ya rantse ba zai karɓi komai ba. Sai baransa Gehazi ya ga garaɓasa na wucewa, ya bi bayan karusar da gudu, ya shirga ƙarya da sunan maigidansa, ya karɓo talanti biyu na azurfa da riguna biyu, ya ɓoye a gida. Kun san ƙarshensa. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Da sunan maigidansa ya yi ƙaryar, iyayena, kamar yadda mutumin can ya yi da sunan "wani babban Fada". Bitrus ma ya tsawata wa Siman mai sihiri a Ayyukan Manzanni sura 8, lokacin da ya zaro kuɗi zai sayi baiwar Allah. Ubangiji kuma ya riga ya gama maganar a Matiyu 10:8, kyauta kuka samu, kyauta za ku bayar.

To, ina roƙo ku faɗe shi da babbar murya, da Hausa, a kowane coci da kowane ƙaramin reshe na ƙauye: ruwa mai tsarki ba na sayarwa ba ne, firist ko dikin, wato mataimakinsa da aka naɗa, shi ne ke sa masa albarka, kuma duk wanda ya ce a biya shi kafin ya ba da shi, ba Ikilisiya ce ta aiko shi ba. Ko wurin da ake sayar da rosari da gorunan roba a harabar coci, a bayyana wa jama'a cewa kuɗin na gora ne, ruwan kyauta ne, wanda ya zo da tasa gorar daga gida ya ɗiba ya tafi. Talaka ba ya rarrabe wannan idan ba a faɗa masa ba.

Har ruwan Lurd, wurin ziyarar ibada na Katolika, da mutane ke rububi idan wani ya dawo daga Faransa, kyauta ake ɗibarsa a famfo a can. Shi ma ba irin wanda Fada ke sa wa albarka ba ne, ruwan maɓuɓɓuga ne da wata yarinya mai suna Banadet ta tono da hannunta a 1858. An gwada shi tun a wancan lokaci, aka tarar ruwan sha ne kamar kowane. Abin da ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne, Ikilisiya da kanta ta ajiye ofishin likitoci a wurin tun 1883, masu bin diddigin duk wanda ya ce ya warke. Dubban mutane sun kai labarin warkewa, amma waɗanda aka amince mu'ujiza ce ba su wuce saba'in da 'yan kai ba. Ikilisiyar da take taka-tsantsan haka, yaya za a yi wani ya zauna a bayan gari da sunanta yana raba mu'ujiza gora-gora?

Mu Katolika muna da wani littafi a Littafi Mai Tsarki namu da ya kamata a riƙa karanta wa kowane majinyaci, wato Sirak sura 38. Ya ce a girmama likita domin Ubangiji ne ya halicce shi, Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa, mai hankali ba ya raina su. Ya ce idan ka yi ciwo ka yi addu'a, ka tsarkake zuciyarka, sa'an nan ka ba likita wurinsa. Da 'yar'uwata ta taɓa jin wannan daga bakin Fada ko sau ɗaya, ina ganin da ba ta yarda cewa shan magani rashin bangaskiya ne ba. Sa'an nan ga Sakramentin shafe marasa lafiya da mai, wanda Yakubu ya yi maganarsa a sura 5. Shi ne ainihin abin da Kristi ya bar wa mai ciwo, amma mutanenmu suna gudunsa, suna ganin idan Fada ya shigo da mai to an gama, sai haƙa rami. Sai su bar Sakramenti su kama gora. Wannan ma yana bukatar bakinku.

Saura maganar tsabta, wadda ita ce sana'ata. Albarka ba ta kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan rijiya mai ɗauke da taifot ko kwalara, idan aka sa masa albarka, ya zama ruwa mai tsarki mai ɗauke da taifot ko kwalara. Mutanenmu kuma suna sha, suna ɗura wa jarirai, suna ɗiga shi a ido. Na taɓa wanke kwanon bakin ƙofa a wani coci da ba zan ambata ba. Da na zubar da ruwan, ƙasan kwanon santsi ne kore, da matattun ƙwari, ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Hannu ɗari nawa ne suka shiga ciki a ranar, bayan musafaha da tari da fyace hanci? Ba a wanke shi ba, ƙari kawai ake yi a kan na da, saboda masu shara suna tsoron zubar da abu mai tsarki. Ba wanda ya gaya musu cewa ana iya zuba tsohon a ƙasa mai tsabta, a gindin itace ko fure, inda ba a takawa, ba dai a kwata ba. A sami durom mai murfi da famfo, a cika shi da ruwan da ya isa a sha, a wanke kwanoni kowane mako. Mu matan Zumunta za mu ɗauki wannan aikin da murna idan kuka ba mu. Gishirin da ake sawa a wasu lokuta, don tunawa da yadda Elisha ya gyara ruwan Yariko, alama ce, ba ya isa ya tsare ruwan da ya yi wata uku a gora a ƙarƙashin gado.

Na tuna lokacin korona a 2020, da aka kwashe ruwan daga ƙofofi. Da aka dawo coci, na ga wani dattijo ya miƙa hannu cikin kwano yadda ya saba shekara sittin, yatsunsa suka taɓa busasshen dutse. Ya tsaya, ya dubi yatsun, sa'an nan ya yi alamar gicciye da su a bushe, idonsa ya ciko. Mutanen da ke ƙaunar abu haka sun cancanci a gaya musu ma'anarsa. Kuma Ikilisiya ta riga ta ba ku lokacin koyarwar. Kowace shekara ana kwashe ruwan bayan Mas na Alhamis Mai Tsarki, kwanoni su kwana biyu a bushe, sai daren jajibirin Ista a sa wa sabon ruwa albarka, a tsoma babban kyandir a ciki, mu sabunta alkawaran baftismarmu, mu ƙi Shaiɗan da dukan ayyukansa, sa'an nan Fada ya ratsa tsakiyarmu yana yayyafi. A daren nan kowa na ɗauke da jarka, ana turereniya, har a kan ture yara. Minti biyar kacal kafin a fara ɗiba, Fada, ka ce mana: wannan ruwan kaza ne, ga abin da yake yi, ga abin da ba ya yi, ga addu'ar da za ki yi idan za ki shafa wa ɗanki. Littafin Mas ma ya ba da dama a buɗe Mas na Lahadi da yayyafa ruwa a madadin addu'ar tuba ta farko, musamman a lokacin Ista. Ku riƙa yi, ku riƙa bayani. Ku Katikis, ku ne kuka fi kusa da mu, ku ne a gidan makoki da gidan suna, a ƙauyen da Fada ba ya zuwa sai wata-wata. Maganar da kuka faɗa a tsakar gida ta fi zama.

Maƙwabciyata Hajiya, da muka yi shekara ashirin katanga ɗaya, duk wanda ya dawo mata daga Makka sai ta aiko mini da dabino. Wata rana ta ga ina shafa wa jikana ruwa a goshi zai tafi makaranta, ta ce, "Maman yara, naku ruwan me yake nufi?" Na ba ta amsar uwata, na ce yana tuna wa yaron ne shi na wane ne. Ta gyaɗa kai ta ce ta gane.

'Yar'uwata ta fara koyon tafiya da sanda. Ta koma kan maganinta, ni nake kai mata shi farkon kowane wata. Makon jiya ta ce in ɗebo mata ruwa mai tsarki daga coci, na gaske, ta kuma ce in roƙi Fada ya zo ya shafe ta da mai, ta daina tsoro. Zan zo ranar Lahadi bayan Mas na Hausa da 'yar gorata, zan tsaya a bakin ofis har a sa mana rana.

Taku cikin Kristi,
Wata uwa daga Zumuntar Mata Katolika,
Sabon Tasha, Kaduna.